Laftof Ta Kama Wi-Fi, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Ga Inda Gizo Ke Saƙa

A ƙasan allo, kusa da agogo, laftof ta nuna ta haɗu da Wi-Fi ɗin gida. Sunan modem ɗinka ne, lambar sirri ma ta karɓa ba gardama. Amma ka buɗe Chrome ko Edge, ka rubuta adireshi, sai juyawa kawai yake yi, daga ƙarshe ya ce babu intanet. Wani lokaci alamar Wi-Fi ɗin takan koma hoton ƙwallon duniya mai ɗan da'ira a gefe.

Kama Wi-Fi daban, samun intanet daban. Wi-Fi ɗan gajeren zango ne tsakanin laftof da modem ɗin da ke kan teburi ko a bakin taga. Daga modem sai eriyar MTN, Orange ko Camtel idan a Garwa, Marwa ko Ngaundare na arewacin Kamaru kake, ko ta Airtel da Moov Africa idan a Njamena ta Chadi kake. Daga eriya sai wayar fayiba da ta gangara kudu zuwa bakin teku, can Duwala, Limbe ko Kiribi. Wanda ya isa tasha bai isa Yawunde ba tukuna: yana iya samun wurin zama a benci alhali babu motar da za ta tashi. Aikinka shi ne ka gano a wane zango tafiyar ta tsaya kafin ka taɓa saitin komai. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake ɗauka a kai kasuwa a goge su gaba ɗaya saboda wannan matsala lafiyarsu ƙalau.

Fara da wayarka, amma ka kashe datarta

Ɗauki waya, ka haɗa ta da wannan Wi-Fi ɗin, ka buɗe wani shafi. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ka kashe datar layin wayar tukuna. Wayoyin yanzu idan suka ga Wi-Fi ba ya kawo komai sukan koma kan datar layi shiru ba sanarwa, sai ka ga waya na aiki ka ɗora wa laftof laifin da ba nata ba. Na biyu, kada ka gwada da WhatsApp ko Facebook. Buɗe burauza ka shiga shafin labarai, wanda ba ka buɗe yau ba.

Dalilin sharaɗi na biyu shi ne kamfanonin waya suna sayar da data iri-iri: akwai ta kafofin sada zumunta kaɗai, akwai ta dare, akwai ta kwana ɗaya. Sau da yawa yaro ake aika ya sa wa modem data, ya zaɓi mai araha, saƙon WhatsApp na shigowa kowa na murna, shafuka kuwa ko gezau. Uwar gida ta ce, "Ai ga shi saƙon Yaya ya shigo yanzu, intanet na nan." Yana nan, amma na WhatsApp ne kawai.

Idan waya ma ta kasa buɗe shafi, rufe laftof ka ajiye, matsalar tana modem ko gaba da shi. Idan waya ta buɗe lafiya, tsallake sashe na gaba.

Idan kowa a gidan ya rasa

A nan arewa wannan ne ya fi yawa, don mafi yawan Wi-Fi ɗin gidajenmu layin waya ne a cikin ƙaramin modem, ba waya ce aka ja daga titi ba.

Duba data da farko. Ba sai ka zare layin ba. Ko babu intanet, laftof na iya buɗe shafin modem ɗin kansa, domin wannan shafin a cikin modem yake zaune. Juya modem ɗin ka duba takardar da ke manne a bayansa ko ƙarƙashin batir: za ka ga adireshi da sunan shiga da lambar sirri. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE da TP-Link da yawa 192.168.0.1, wasu kuma 192.168.1.1. Rubuta lambar a saman burauza. A ciki akwai akwatin saƙonni, kuma a nan saƙon "datarka ta ƙare" yake kwance ba wanda ya karanta, tunda modem ba ya yin ƙara idan saƙo ya shigo. A shafin kuma ka duba abu uku: ko layin yana neman lambar PIN, ko maɓallin datar wayar salula a kashe yake, da kuma ko an rubuta ya haɗu da 4G. Idan an toshe layin saboda rajistarsa ba ta cika ba, ba abin da za ka danna ya gyaru, sai ka ɗauki katin shaida ka je ofishin kamfanin.

Laftof ita ma tana da hannu a ƙarewar data. Windows kan sauko da sabuntawa mai nauyin gaske da zarar ya samu Wi-Fi, ya shanye datar mako a yini guda. Bayan ka sake saye, shiga bayanan Wi-Fi ɗin a laftof ka kunna "Connexion limitée", a Windows na Turanci "Metered connection", ya rage haɗama.

Idan data na nan, kashe modem. Zare shi daga wuta, idan mai batir ne cire batirin, ka jira kamar rabin minti, ka mayar, sannan ka ba shi minti biyu ya nemo eriya. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an sauya zuwa janareta, modem kan farka rabi da rabi: Wi-Fi ya tashi, ɓangaren layi bai tashi ba. Dubi fitilunsa. Ta Wi-Fi na iya zama a kunne alhali ta sigina ja ce ko tana ƙiftawa. Taɓa jikinsa kuma. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, modem ɗin da aka bari a taga rana na dukansa yakan yi zafi har ya daina aiki daidai. Matsar da shi inuwa. Mai batir da aka bari a caji dare da rana batirinsa kan kumbura har murfin baya ya ɗago, irin wannan a canja batirin kawai.

Kada ka soka tsinke a ɗan ramin da aka rubuta Reset da sunan kashewa da kunnawa. Wannan yana goge sunan Wi-Fi da lambar sirri, wani lokaci har da saitin APN, wato ƙofar da layin ke bi ya shiga intanet ɗin kamfaninsa. Idan an riga an soka, ko kuma modem ɗin na wani kamfani ne aka buɗe shi aka sa layin wani, tambayi kamfanin layin APN ɗinsu ka shigar a shafin modem.

Mutanen Kuseri da sauran garuruwan bakin iyaka suna da tasu matsalar. Kogi kawai ya raba su da Njamena, don haka modem mai layin Kamaru kan cafke eriyar Chadi, ya ɗauka yana ƙasar waje, ya ƙi sakin data. A shafin modem, a sashen zaɓen hanyar sadarwa, cire shi daga zaɓe da kansa ka zaɓar masa kamfanin layinka da hannu.

Wata rana kuma matsalar ta fi ƙarfin gidanka. Fayibar da ke hawowa arewa tana yankewa, musamman inda ake aikin hanya, kuma wani kaso mai yawa na intanet ɗin Chadi ta Kamaru yake bi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, SAT-3, MainOne da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Kamaru, suka shiga wahalar intanet. A irin wannan rana sigina cike take, data na nan, shafi ba ya buɗewa. Tambayi maƙwabci mai layi irin naka. Idan shi ma haka ne, haƙuri ko layin wani kamfani.

Idan laftof ce kaɗai

Sake kunna ta, amma da "Redémarrer" ko "Restart", ba kashewa da kunnawa ba. A Windows 10 da 11 kashewa ta yau da kullum tana adana wani ɓangare na halin da na'urar ke ciki don ta tashi da sauri, har da matsalar. Idan bai yi ba, shiga jerin Wi-Fi, danna dama a kan sunan naka, zaɓi "Oublier" ko "Forget", ka sake haɗawa da lambar sirri.

Sai ka kalli agogo. Wannan ƙaramin abu ne da ke wahalar da masu laftof na hannu. A cikin na'urar akwai ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, kuma babban batir ma ya gaji, duk lokacin da wuta ta yanke agogo kan koma shekarun baya. Kusan duk shafukan yau suna da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon laftof take auna ta. Idan laftof na ganin tana shekarar 2012, za ta ƙi kowace takarda. Alamarsa ita ce saƙon NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, ko Chrome ya ce agogonka yana baya. Gyara rana da lokaci da hannu, ka sa yankin lokaci a UTC+01:00 na yammacin tsakiyar Afirka, wanda Kamaru da Chadi duka ke kai. Idan gobe ya sake komawa baya, mai gyara ya canja ɗan batirin, ba shi da tsada.

Yanzu sai baƙin allo. Mutane na tsoronsa, alhali shi ne ke faɗin gaskiya cikin minti uku. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, danna dama a kan abin da ya fito, zaɓi "Exécuter en tant qu'administrateur" ko "Run as administrator", wato buɗewa da ikon mai gida. Idan madanninka na Faransanci ne, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY, tuna cewa lambobin sama da ɗigo da sandar / duk sai ka riƙe Shift. Mutum zai so ya rubuta 8.8.8.8 ya ga _;_;_;_ ya fito, ya zaci na'urar ta haukace.

Rubuta wannan ka danna Enter:

ipconfig

Nemi sashen Wi-Fi ka karanta layi biyu: "Adresse IPv4" da "Passerelle par défaut", a na Turanci "IPv4 Address" da "Default Gateway". Na farko lambar da modem ya ba laftof ce, na biyu lambar modem ɗin kansa. Lafiyayyen sakamako shi ne kamar 192.168.8.101 a sama, 192.168.8.1 a ƙasa, sassa uku na farko iri ɗaya.

Idan lambar sama ta fara da 169.254 kuma layin ƙasa babu komai, modem bai ba ta lamba ba, ita ta ƙirƙira wa kanta, kuma wannan lambar ba ta kai ko'ina. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan ta dawo da 169.254, sake kunna modem ka maimaita.

Idan kuma lambar ba ta yi kama da ta modem ba sam, misali ta fara da 10 alhali modem ɗinka 192.168 ne, to wani ya taɓa kafa mata lamba da hannu. An fi ganin haka a laftof ɗin da ta yi aiki a ofis, makaranta ko gidan intanet. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Wi-Fi, shiga "Propriétés", danna sau biyu a kan layin da ya ƙare da TCP/IPv4. Mayar da duka biyun, lamba da DNS (mai juya sunan shafi zuwa lamba), kan zaɓin da laftof za ta samo su da kanta.

Idan lambobin daidai suke, sai gwaji uku a jere. Na farko, ka ƙwanƙwasa wa modem, da lambar da ka gani a layin ƙasa:

ping 192.168.8.1

Amsa mai kyau layuka huɗu ne masu farawa da "Réponse de" ko "Reply from", da ɗan lokaci kamar 2 ms ko 5 ms. Idan "Délai d'attente de la demande dépassé" ko "Request timed out" ya fito, ko biyu suka amsa biyu suka faɗi, laftof da modem ba sa jin juna sosai. Matso kusa. Katangar siminti da ƙofar ƙarfe suna cin sigina fiye da yadda sandunan da ke allo ke nunawa.

Na biyu:

ping 8.8.8.8

Wannan lambar wata na'urar Google ce. Idan modem ya amsa amma wannan ta ƙi, alhali waya na aiki, wani abu ne ke tare laftof: VPN (manhajar da ke bi da intanet ta wata hanya don tsallake toshewa), manhajar kariya, ko kuma an toshe ta a cikin modem. Leƙa shafin modem, a jerin na'urori, ka ga ko wani ɗan gida mai kishin data bai jefa ta cikin waɗanda aka hana ba.

Na uku:

ping google.com

Idan 8.8.8.8 ta amsa amma wannan ya ce bai samu mai sunan ba, ka kama ɓarawon: DNS ne. Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba, DNS ne ke karɓar sunan shafi ya ba ta lambarsa. Idan ya tsaya, hanya a buɗe take amma ba ta san inda za ta nufa ba. A burauza yakan fito da ERR_NAME_NOT_RESOLVED ko saƙo mai farawa da DNS_PROBE. Fara da ipconfig /flushdns. Idan bai isa ba, koma tagar TCP/IPv4 ɗin nan, bar ɓangaren sama yadda yake, a ɓangaren ƙasa ka zaɓi sa DNS da hannu: 8.8.8.8 a layin farko, 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare a na biyu. Ni a ganina ko babu matsala wannan saitin ya cancanci a bar shi, don ƙananan modem da yawa a nan suke fara gazawa.

Duk gwaji ya wuce, burauza ta ƙi

Ping uku sun amsa amma shafi shiru. To intanet na isa laftof, tsakanin Windows da burauza ne aka tare shi, kuma mai laifi na ɗaya shi ne furoksi, wato saitin da ke sa burauza ta bi ta wata ƙofa kafin ta fita intanet. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, jama'a suka koyi sa VPN, ɗabi'ar kuma ta zauna a ɓangarorin iyaka biyu, ga masu neman intanet na kyauta da ke cusa kowace manhaja aka tura musu. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji, irin su Psiphon, suna karkatar da burauza ta bi ta cikinsu, su mayar da saitin idan an rufe su da kyau. Idan batir ya mutu suna tsakar aiki, saitin yana iya maƙalewa, burauza ta yi ta neman ƙofar da babu ita. Alamarsa ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Shiga "Paramètres", "Réseau et Internet", "Proxy", ka kashe "Utiliser un serveur proxy", musamman idan ka ga 127.0.0.1 a rubuce. Idan akwai VPN da ba ka amfani da shi, cire shi gaba ɗaya, domin wasu suna da saitin da ke datse intanet muddin ba a kunne suke ba.

Mai laifi na biyu manhajar kariya ce da ta zo da laftof, wa'adinta ya ƙare, ko guda biyu da aka ɗora kan juna. Dakatar da ita na minti biyar ka gwada. Idan shafi ya buɗe, cire ta, kariyar da ke cikin Windows 10 da 11 ta wadatar wa mai aikin gida. Gwada wata burauzar ma: idan Edge na buɗewa Chrome ba ya yi, kashe ƙare-ƙaren da aka liƙa wa Chrome ɗaya bayan ɗaya.

Masu Windows 7 nasu daban ne. Microsoft ya daina kula da shi a Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a siga ta 109. Shafuka da yawa za su riƙa ƙin buɗewa ko su yi kukan takardar tsaro ko da agogo daidai yake, wasu kuma su buɗe. Wannan ba laifin Wi-Fi ba ne, kuma ba umarnin da zai warkar da shi.

Wankin ƙarshe

Idan har yanzu ba labari, koma baƙin allon da ka buɗe da ikon mai gida, ka rubuta waɗannan biyun, kowanne da Enter ɗinsa, sannan ka sake kunna laftof:

netsh winsock reset

netsh int ip reset

Suna mayar da hanyoyin sadarwar Windows yadda suka zo, su share ɓarnar da VPN ko ƙwayar cuta ta bari. Ba sa taɓa takardunka ko hotunanka. Wanda ya fi su ƙarfi shi ne "Réinitialisation du réseau" ko "Network reset" a sashen hanyar sadarwa. Shi yana mantar da laftof duk lambobin sirrin Wi-Fi da ta sani, don haka rubuta taka a takarda kafin ka danna.

Saura katin Wi-Fi ɗin kansa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: haɗa waya da laftof da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna raba intanet ta USB a wayar. Idan shafuka suka buɗe ta igiya, Windows da burauza sun kuɓuta, zargi ya koma kan katin ko direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin. Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc, buɗe "Cartes réseau", nemi mai ɗauke da sunan Intel, Realtek, Qualcomm ko Broadcom tare da kalmar Wireless ko Wi-Fi. Danna dama ka cire shi, amma kada ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge direban, sannan ka sake kunnawa, Windows zai mayar da shi da kansa. Tunda kana da intanet ta igiya, shiga shafin HP, Dell, Lenovo ko wanda ya ƙera taka, ka sauko da direban da ya dace da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin.

Idan za ka kai wa mai gyara, tafi da modem ɗin da kuma sakamakon gwajinka a rubuce. Ka ce masa, "Malam, waya na buɗe shafi a wannan Wi-Fi, laftof na buɗewa ta igiya, amma ping zuwa modem yana faɗuwa ko a kusa." Da wannan bayani zai buɗe bayanta ya duba ko ɗaya daga cikin siraran wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, ta zame daga katin, maimakon ya ce sai an goge komai. Idan katin ne ya mutu, akwai ɗan Wi-Fi na USB da bai fi kan yatsa ba, ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta. Kafin ka biya, a soka shi a laftof ɗinka a shagon, ya kama modem ɗinka, ka buɗe shafi biyu ko uku da idonka.